Ranar Yaye Ba Ita Ce Ƙarshe Ba

Da yawa daga cikinmu sun shafe shekara biyar ko shida suna ɗawainiyar ɗa ko 'ya mai karatun harhaɗa magunguna. Ranar yaye ɗalibai akan yi walima, a ce an huta. Da sauran rina a kaba. Akwai shekara guda ta sanin makamar aiki, sannan jarrabawar Hukumar PCN, wadda sai an ci ta ake samun lasisi. Mu da muka san zafin jarrabawar TRCN bai kamata mu raina ta ba, domin kuskuren awon magani rai yake ci. A ganinmu, ya dace asusun taimakon juna na reshenmu ya ba da rance marar ruwa don kuɗin rajista da littattafai. Iyaye kuma su rage wa yaran hidimomin gida har su fito daga ɗakin jarrabawa.