Kafin Ka Gyara Wa Ƙanenka Bindigar Roba

Duk mai karanta injiniyanci a makarantar nan ya san abin da ke jiransa in ya je gida hutun Sallah: rediyon Baba, fitilar caji ta Inna, sai ƙanne da bindigoginsu na roba da suka daina harbi. "Yaya, ai kai injiniya ne." Mu a Mazanya, layi suke yi.

Gyaran ba wani abu ba ne. In ka ɗana ta, sifirin ya matse, wata 'yar ƙugiya ta riƙe fistin. Aikin kunama ta saki ƙugiyar, iska ta tunkuɗo ɗan ƙwallon roba mai milimita 6. Yawanci ƙugiyar ce ta cinye, ko ƙaramin sifirin da ke mayar da kunama ya fice daga mazauninsa. Sukudireba da minti goma sun isa.

Amma ni ina ganin baƙar nan mai kama da ta gaske bai kamata mu taɓa ta ba.

Ku tuna inda muke. Daga Katsina zuwa Jibiya har Magama, shinge nawa ne? Ga kwastan, ga sojoji, ga 'yan sanda, ga jami'an shige da fice, tun Oktoban 2023 kuma an ƙara da askarawan da gwamnatin Dikko Raɗɗa ta kafa. Mutumin da ya kwana yana jiran 'yan bindiga, ya hango abu baƙi a hannun saurayi bayan magariba, wallahi ba zai tsaya tambayar roba ce ko ƙarfe ba. Kuma ban ga laifinsa sosai ba.

Kamannin nan da gangan aka yi shi. A Japan aka fara ƙera irin waɗannan bindigogi a shekarun 1970, inda doka ta tsananta kan mallakar ta gaske. A Amurka kuwa ana sa wa bakin bindigar wasa launin ruwan lemo don a bambance. Duk da haka, a Nuwamban 2014 ɗan sanda ya harbe Tamir Rice, yaro ɗan shekara 12, a birnin Cleveland. Irin wannan bindiga ce a hannunsa, alamar bakinta ta fita. Can ma ke nan, balle ƙauyen bakin iyaka da jama'a ke kwana da ido ɗaya.

Za a ce yara ne, a bar su su yi Sallarsu. Na yarda, mu ma mun yi. Ga ta ruwa nan koriya shar, wadda ba ta tsiyaye wa kowa ido, don ƙwallon nan in ya sami ido ba sauƙi.

In ka ga dole sai ka gyara, fara da fenti: ka shafe ta duka da ruwan ɗorawa kafin ka kwance ko noti ɗaya. In yaron ya ce shi baƙar yake so, ka ce ba ka gyarawa. Zai yi kukansa, ya kai ƙara wurin Inna, sai ka yi mata bayani.