Uwargida, ki auna gashinki kafin ki sayi man gashi

A gidajen kitso na Yelwa da sauran unguwannin Jalingo, ba a raba zama da ƙorafin zubar gashi. Wannan ta ce nata ya kakkarye, waccan ta ce nata ya yi shara-shara. Daga nan sai a shiga sayen mai kala-kala, kuɗi na ta tafiya, alhali ba a ma tabbatar gashin ya ragu ba. Madubi yakan ruɗi mutum. Tef ɗin tela ya fi shi faɗin gaskiya.

Ga yadda ake awon. Ranar da kika tsefe kitso, ki wanke kai, ki bari ya bushe, ki taje. Ki tattara gashin gaba ɗaya a ƙeya, ki ɗaure shi tamau da ribom, sai ki zagaya tef a gindin ɗaurin. In babu tef, ki zagaya zare, ki shimfiɗa shi a kan rular 'yan makaranta. A ma'aunin da aka saba, ƙasa da santimita 5 gashi ne mara cika, 5 zuwa 10 matsakaici, sama da 10 mai cika sosai.

Sai dai wannan ma'auni ya fi dacewa da gashi mai santsi. Namu mai murɗewa ne, yana kumbura, don haka yakan nuna fiye da yadda yake. Cikar gashi kuma gado ce, kowace mace da irin nata. Kada ki gwada lambarki da ta maƙwabciya, ki gwada ta da taki ta baya. Ki auna duk bayan wata 3, a yanayi iri ɗaya, ki rubuta da kwanan wata. Kada kuma ki raina ƙaramin sauyi: idan awon ya sauko daga santimita 10 zuwa 7, kusan rabin gashin da ke cikin ɗaurin ne ya tafi.

Ba kowace zuba ce cuta ba. Kan mutum na ɗauke da silin gashi kimanin 100,000, kuma 50 zuwa 100 na faɗuwa kullum. Wadda ta yi mako 3 da kitso, duk abin da ya faɗi a tsawon kwanakin yana maƙale a ciki, ranar tsifa sai ya fito a dunƙule. Mai jego ma takan ga zuba sosai wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa, yawanci kuma gashin yakan dawo kafin yaro ya cika shekara. Haka ake gani bayan zazzaɓi mai tsanani irin taifot. Da hunturu kuwa bushewa ce ke karya shi, man kaɗanya da ɗaura ɗankwali sukan taimaka.

Amma idan lambar na ta sauka awo bayan awo, ga kasala, ga jiri, ga haki in an ɗan yi aiki, to maganar ta wuce mai. Ƙarancin jini na kawo haka, matsalar maƙogwaro mai jawo maƙoƙo ma haka. Ki je Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo, ko Asibitin Ƙwararru na jiha, a yi miki gwajin jini, ki tafi da takardar awonki. A gida kuma ki yawaita hanta, wake, ƙwai, kifi, zogale da alayyahu.

Akwai wurin da tef ba ya gani, wato gaban goshi. Kitso mai tsauri da ƙarin gashi mai nauyi suna cinye shi a hankali, in aka daɗe a haka saiwar ta mutu, babu man da zai tayar da ita. Ki lura da 'yan matanki musamman. Kitson da ya hana yarinya barci, ko ya fito mata da ƙuraje, a tsefe shi a ranar, ko da na Sallah ne. In kuma kin ga gashinta ya ɓare a zagaye, makero ne ake zargi, shi kuwa maganin sha yake bukata daga likita.

Allah ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa.