ZANCEN ZAURE: Ɗalibi a ƙofar mai kiwon karnuka



Ran nan bayan La'asar ina zaune a ƙofar shago a Nkembo, sai ga wani Alhaji maƙwabcina ya iso ransa a ɓace. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Malam, ka ji abin da yaron nan yake son ya jawo mini?" Ashe ɗansa na biyu, mai karatun noma da kiwo, shi ne ya zo hutu da aikin da malaminsu ya ba su. An ce kowane ɗalibi ya nemi mai kiwo ya zauna da shi, ya rubuto rahoto a kan ciyarwa da haihuwa da cuta da rigakafi. Da aka raba dabbobi sai kare ya faɗo a kan yaron. Ya samo wani mutum can wajen Owendo mai kiwon karnukan gadi yana sayarwa, mutumin kuma ya yarda ya karɓe shi. Alhaji ya ce, "Fatauci ya kawo ubana Bitam daga Ngaundare, ni kuma cikin tumaki na tashi. Yau a ce ɗana yana sintiri gidan karnuka? Me zan gaya wa mutane a masallaci?"

Abin da na gaya masa shi ne zan maimaita a nan, don na san ba shi kaɗai ne wannan magana za ta tarar ba.

Mu fara da ƙasar da muke zaune. Gabon ba Maraɗi ba ce, ba kuma Adamawa ba. Kurmi ya rufe fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar, ga ƙudan tsando da ke hana shanun arewa daɗewa. Shi ya sa ko a garken Nyanga da ke kudu shanun Ndama ake kiwo, gajerun nan masu jure sammore. Naman da muke gani a Mont-Bouët kuwa, yawancinsa ko dai ƙanƙararre ne da jirgin ruwa ya sauke a Owendo, ko dabba ce da aka ɗauko daga Kamaru. To yaron da ya yi karatun dabbobi, ko a makarantar INSAB ta Franceville, ko a makarantar likitocin dabbobi ta Dakar wadda aka kafa a 1968, idan ya dawo Libreville neman abinci, kaji da karnuka da kyanwoyi zai fi gani a gabansa. In ya ce shi sai saniya, to zai daɗe yana jira.

Na biyu, sanin kare ceton rai ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin 10 na waɗanda abin ke shafa yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Tun 1885 Louis Pasteur ya fara yi wa mutum allurar wannan ciwo a Faransa, amma har yau da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya a ji ya tashi. Maganin yana gaba da ciwon: a yi wa karnuka allura, wanda kare ya ciza kuma a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a garzaya da shi asibiti a ranar. Wa zai koya wa matanmu da yaranmu wannan da harshen da suke ji, in babu namu a cikin masu sani?

Batun masallaci kuwa, ni ba malami ba ne, amma abin da muka ji a zaure shi ne a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai in ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai. An yarda a ajiye shi don farauta da tsaron garke da gona. Har ana ba da labarin cewa Ibn Abi Zaid, mai littafin Risala da muka karanta muna yara, ya ajiye kare a gidansa don tsaro. Cinikin kare ne malamai suka yi saɓani a kansa, wanda ke son shiga wannan sana'a sai ya tambayi malaminsa. Shi yaron Alhaji ba saye ya je yi ba, tambaya ya je yi.

To ku ɗalibai, ga naku. Mai kiwo ba malaminku ba ne, ba a biyansa ya koya muku, lokacinsa ya ɗiba ya ba ku. Wasunku sai su zauna a ɗaki su aika wa mutum tambayoyi 30 ta WhatsApp, su ce ya amsa kafin Litinin. Wannan ba neman ilimi ba ne, neman wanda zai yi maka aikinka ne. Zuwa da kai ya fi aike. Ka je da takardar makaranta, ka faɗi sunanka da abin da za a yi da rahoton, ka tambayi lokacin da ya fi masa sauƙi. Kada ka ɗauki hoto sai da izini, kada ka miƙa hannu ga karyar da ke shayarwa.

Kuma ka yi karatunka kafin ka tafi. Abin kunya ne ɗalibi ya tambayi kwana nawa karya ke yi da ciki, alhali kowane littafi ya ce wajen kwana 63. Tambayi abin da littafi ba zai gaya maka ba. Yaya yake fama da kaska a wannan gari mai laima? Da me yake ciyarwa in buhun abincin Turai ya yi tsada? Ƴan kwikwiyo nawa gudawar jini ta kashe masa bara, me kuma ya sauya bayan haka? Ka roƙi ganin katin allura na kowane kare, ka duba kwanan wata da tambarin likita da idonka. Kada ka manta mutumin ɗan kasuwa ne, ba lalle ya nuna maka ɓarnarsa ba, don haka abin da ya faɗa ka kai wa likitan dabbobi ka gwada. In ka gama, ka koma ka yi godiya, ka ba shi kwafin rahoton. Wanda ya kwafo na wani kuwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Saura mu iyaye. Wannan mutumi na Owendo, da ba yarenmu ɗaya ba, ya buɗe wa ɗanmu ƙofa. Mu fa? Sau nawa ɗalibi ya zo wurin mahautanmu ko masu sayar da ragunan Layya da littafi a hannu, muka ɗauka ɗan leƙen asirin masu haraji ne, muka ce maigida ba ya nan? Dattijon da ke duba haƙorin rago ya faɗi shekarunsa, ko ya taɓa hanta ya ce wannan ba ta ciyuwa, yana da sanin da babu shi a rubuce. Ran da ya kwanta dama, sanin ya bi shi. Idan yaro ya zo da takardar makarantarsa, ɗan Bahaushe ne ko ɗan Fang, mu ba shi kujera.

Alhaji dai ya yi shiru, can ya ce, "To, ya je. Amma ya ware rigar da zai riƙa zuwa da ita." Yaron ya yi mako biyu yana zuwa. Ran da ya gama ya tambayi mahaifinsa, "Baba, karen maigadin da ke kwana a ɗakin ajiyarmu, wanda su Ummi ke kai wa sauran tuwo, yaushe aka yi masa allura?" Aka kira maigadi, ya ce tun da ya samo shi ba a taɓa yi ba. Washegari da safe Alhaji da kansa ya ba da kuɗin mota da na likita.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.