Littafin Ramuka ko Mai Ɗaukar Jaka?

Malam Edita,

Ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana masu buga golf a Kano Golf Club, musamman manajojin masana'antun Bompai, Sharada da Challawa da suka fara ɗokin sayen littattafan nan masu nuna nisan kowane rami da gangaren ƙasar da ke kewaye da shi.

Ni dai ban ga amfanin zuba musu kuɗi ba. Ko a can Turai an taka musu birki. Tun 2019 hukumomin R&A da USGA suka ƙayyade girman littafin da ma'aunin zanensa, a 2022 kuma PGA Tour ta hana 'yan wasanta amfani da littattafai masu cikakken zanen gangare. Dokar 2019 ɗin ta kuma halatta na'urar auna nisa, to me ya rage wa takarda?

Sannan ƙasarmu ba ta zama wuri ɗaya. Da hunturu fili kan bushe ƙamas, ƙwallo ta faɗi ta yi ta gudu. Watan Agusta kuwa, inda ta sauka nan take maƙalewa. Yadi 150 na Janairu daban yake da na damina, littafi kuma lamba ɗaya ya sani. Yaron da ke ɗaukar maka jaka, wanda kullum yake taka filin, ya san wannan duka, amma shi ne ake ja-in-ja da shi a kan ladansa.

Wanda zai je gasa a filin IBB na Abuja, inda bai saba ba, ya saya, ban hana ba. A gida kam, a ƙara wa yaran nan kuɗi.

Naka,
Mai karatu daga Bompai, Kano