In Ɓera Na da Sata, Daddawa Ma Na da Wari

Duk shekara, da sanyin hunturu ya kama, sai magidanta su shiga kukan ɓera, kasuwar masu tallar guba kuma ta buɗe. A ganina mun makara. Ɓeran da ke ɓarna a rumbu cikin Janairu tun da damina aka haife shi, a gonarmu, da abincinmu.

Ɓeran daji ba ya haihuwa barkatai. Idan rani ya tsananta, ƙasa ta bushe, haihuwa kan tsaya, yunwa ma ta kashe da yawa. Ruwa na sauka, ciyawa ta tsiro, ƙwari su fito, sai macen ta murmure. Masana ma sun gano wani sinadari a ɗanyen tsiro da ke tayar da haihuwa ga wasu ɓeraye. Cikinta bai wuce mako uku da 'yan kwanaki ba, kuma irin nan mai yawan nonuwa kan zuba 'ya'ya goma ko fiye a lokaci guda. In damina ta yi tsawo, 'ya'yan farko ma sai su haihu kafin a gama kaka.

An ga haka a Sahel. Bayan farin farkon shekarun 1970, da ruwa ya dawo, ɓeraye sun mamaye gonakin arewacin Senegal a 1975 da 1976. Bayan farin 1984 aka sake ganin irinta a Sudan, Chadi, Nijar da Mali cikin 1986 da 1987.

Mu kuma me muke yi? Mu bar dammunan gero a gona makonni, mu shanya hatsi a bakin titi, mu kashe mujiya saboda camfi. Sa'an nan mu cinna wa daji wuta, ɓeran ya gudo gida. Shi ne kuwa mai yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, wadda ta fi ƙamari da rani.

Malaman gona su riƙa gargaɗi tun watan Agusta, musamman a shekarar da ruwa ya wadata. Manomi kuma ya nome gefen gonarsa, ya kwashe amfaninsa da wuri, ya liƙe rumbunsa. Kyakkyawar damina ba mu kaɗai take ciyarwa ba.