Kafin Ku Sayi Baho Mai Siffar Ƙwai, Ku Duba Jakar Maganin Gidanku

Watanni kaɗan da suka wuce yayana ya turo mini hoto ta WhatsApp. Farin baho ne mai siffar ƙwai, yana zaune shi kaɗai a tsakiyar banɗaki, ba ya jingine da kowane bango, famfonsa dogo yana fitowa daga ƙasa. A ƙarƙashin hoton ya rubuta cewa irinsa zai sa a sashen Hajiya, tunda ana gyaran gidan. Ban musa masa kyawun abin ba, domin kuwa yana da kyau. Na dai ce masa: "Yaya, kafin ka biya kuɗi, ka buɗe jakar maganin Hajiya ka karanto mini abin da ke ciki." Ya karanto amlodipine na hawan jini, da maganin ciwon gwiwa, da wata ƙwaya da take sha da dare idan barci ya ƙi zuwa. Daga nan hirar tamu ta sauya.

Aikina harhaɗa magunguna ne a asibiti, ba gini ko aikin famfo ba. Amma ta tagar da muke miƙa magani ne nake ganin ƙarshen labaran da suka faro daga banɗaki: ɗa ya zo karɓar maganin kashe zafi domin mahaifinsa da ya karye a ƙugu, ko uwa ta zo neman man shafawa na ƙuna. Shi ya sa nake da ra'ayi a kan wannan batu, kuma ga shi a fili. A gidan da akwai tsoho, ko ƙaramin yaro, ko mai shan magungunan da ke kawo jiri, baho mai zurfi da ke tsaye shi kaɗai bai cancanci zama wurin wanka na yau da kullum ba. Idan kuna sha'awarsa, ku ɗauke shi a matsayin ƙari, bayan kun tanadi wurin wankan da ake shiga da ƙafa ba tare da tsallake komai ba.

Bari mu fara da yi wa bahon adalci. Siffar ƙwai ba ta da kusurwa mai kaifi da za a buge da ita, kuma gangaren gefensa yana karɓar baya yadda mutum zai kishingiɗa cikin sauƙi. Zama cikin ruwan ɗumi yana sassauta tsoka, yana rage ciwon gaɓoɓi na ɗan lokaci, masu cutar sikila da yawa suna samun sauƙi da shi idan ciwon bai tsananta ba, kuma wanka da ruwan ɗumi awa ɗaya ko biyu kafin kwanciya yana taimaka wa barci. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai abubuwan da suka sa bahon ya yi daɗin kwanciya su ne suka sa ya yi wuyar fita.

Ku duba yadda aka ƙera shi. Yawancin irin waɗannan bahuna tsayinsu daga ƙasa yana kai santimita 55 zuwa 60, wato har sama da gwiwar mutane da dama. Mai shiga sai ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan jiƙaƙƙen tayil, ya ɗaga ɗayar ya tsallake. Bakinsa siriri ne, ba a iya zama a kai a juyo da ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Cikinsa gangare ne ta kowane ɓangare, shimfiɗaɗɗen wurin da tafin ƙafa zai zauna daram ɗan kaɗan ne a tsakiya. Tunda kuma ya yi nesa da bango, babu inda za a kafa ƙarfen riƙewa da hannu zai kai. Matashi ba ya ma lura da waɗannan. Mai shekara 70 da ciwon gwiwa kuwa, kowace shiga da kowace fita jarrabawa ce a gare shi.

Yanzu ga ɓangaren da ya shafi sana'ata. Ruwan zafi yana buɗe jijiyoyin jini na fata, sai ƙarfin bugun jini ya sauka. Idan mutum ya miƙe farat ɗaya, jinin yakan taru a ƙafafu, ƙwaƙwalwa ta rasa isasshe na wasu daƙiƙu, ido ya yi duhu. Lafiyayyen jiki yana gyara wannan nan take. Amma akwai magunguna da ke rage wa jiki wannan saurin. Daga ciki akwai na hawan jini irin su amlodipine da nifedipine da lisinopril, da masu sa yawan fitsari irin su furosemide, da tamsulosin da doxazosin da ake ba dattawa maza masu wahalar fitsari. Akwai kuma masu sa gyangyaɗi: diazepam, amitriptyline, tramadol, har da chlorpheniramine, wato Piriton da ake saye a kemis domin mura ba tare da an ɗauke shi a bakin komai ba. Ba ina cewa ku daina shan ko ɗaya daga cikinsu ba, kada wanda ya ajiye maganinsa saboda wannan rubutu. Abin nufi shi ne haɗuwar magani da ruwan zafi da santsi da tsallaka mai tsawo a wuri guda.

Mai ciwon suga yana da nasa ƙarin haɗarin. Zafi yana hanzarta shigar allurar insulin cikin jini, don haka shiga ruwan zafi jim kaɗan bayan yin allura na iya saukar da suga fiye da yadda aka saba, mutum yana kwance cikin ruwa, ƙofa a kulle. Wanda kuma cutar ta taɓa masa jijiyoyin ƙafa ba ya jin zafi yadda ya kamata, sai ya ƙone bai sani ba, ga shi ciwon ƙafar mai suga ba ya saurin warkewa. Mai farfaɗiya kuwa shawarar likitoci a kansa ɗaya ce a ko'ina: ya yi wanka da shawa ko bokiti, kada ya zauna cikin tarin ruwa, domin faɗuwa ɗaya ta isa. Mai shan warfarin ko wani maganin tsinka jini, bugun kan da wani zai shafa ya wuce na iya zama masa zubar jini a cikin ƙoƙon kai.

Wannan ba tsoratarwa ba ce ta fatar baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, wadda ita ce ta biyu bayan hatsarin mota a cikin mace-macen da tsautsayi ke haddasawa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a ciki. A Japan, inda zama cikin baho mai zurfi al'ada ce ta kowane dare, dubban tsofaffi ne ke rasuwa a cikinsa duk shekara, har hukumomin ƙasar suke jan kunne cewa kada zafin ruwa ya wuce digiri 41, kada zama ya wuce minti 10. Mutanen da suka tashi da baho tun suna yara ke nan, balle mu.

Na ce balle mu ne saboda wankanmu daban yake. Da bokiti da moɗa muka saba, a tsaye ko a tsugune ko a kan 'yar kujera. Idan aka cire dakalin wanka aka maye gurbinsa da baho, al'adar ba ta canzawa, wurin yin ta ne kawai ke canzawa. Sai a ɗauki bokiti a shiga cikin bahon, a tsaya a kan gangare mai sulɓi, jiki duk kumfar sabulu, ido a rufe, a ɗaga ƙafa ɗaya ana cuɗawa. Haka ma wanke ƙafa wajen alwala sau da yawa a yini. An ƙera abin domin kwanciya, mu kuma muna amfani da shi a tsaye. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Sai batun ruwan kansa. Baho mai tsawon santimita 160 zuwa 170 yakan ci lita 200 ko abin da ya yi kusa da haka, wato jarka goma mai lita 20, alhali bokiti ɗaya ya ishi mutum wanka mai kyau. Hita mai lita 50 ba za ta ɗumama wannan ba sai an yi ta jira, ga wutar lantarki da ba ta da tabbas. Abin da ke biyo baya mun sha ganinsa: bayan zumuɗin makonnin farko, baho ya koma ma'ajiyar ruwa saboda ranar da famfo zai ɗauke. A nan ne haɗarin ya koma kan yara. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa huɗu kansa yana da nauyi idan aka kwatanta da girman jikinsa, idan ya leƙa ya rinjaya ba ya iya ɗagowa, kuma ruwa mai zurfin 'yan santimita ya isa ya nutsar da shi. Ba ya ihu, ba ya fantsama ruwa yadda za a ji daga tsakar gida. Ruwan da ya kwana a buɗe kwanaki kuma wurin ƙyanƙyasar sauro ne a cikin ɗakin kwananku.

Wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, wani kuma ya ce ai gidansa babu tsoho babu jariri. Ga na farko, amsata ita ce ba ma barin wuƙa a hannun yaro da wannan hujjar. Ga na biyu kuwa, banɗaki ba riga ba ce da ake sauyawa kowace Sallah. Abin da kuka gina yau zai kai shekara 15 ko 20. A tsakanin nan za a yi juna biyu, za a yi jego, wataƙila a yi tiyata, iyaye za su zo jinya daga ƙauye su yi watanni, ku da kanku za ku fara karɓar maganin hawan jini. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To, idan banɗakin yana da faɗi, akwai ruwa wadatacce, kuma zuciya ta nace, ga yadda zan zaɓa. Ku fara ware wurin shawa ko na bokiti wanda ƙasansa daidai yake da sauran ɗakin, da tayil mai kaushi, da wurin zama. Sannan ku nemi baho mai siffar ƙwai ta ciki amma wanda gefensa ɗaya ya manne da bango, ko wanda ake binnewa cikin dakali mai faɗi da za a iya zama a kai. Ku je shagon da kanku da tef ɗin awo, ku cire takalmi ku shiga ciki, ku zauna, ku gwada miƙewa ba tare da an kama ku ba. Abin da ya yi muku wuya a bushe zai ninka a jiƙe. Ku duba ko ƙasansa shimfiɗaɗɗe ne kuma yana da kaushin hana santsi. Ƙarfen riƙewa a kafa shi da ƙusoshi cikin bulo, ba irin mai mannewa da roba ba, kuma kada a dogara da maratayar tawul ko famfo, ba a yi su domin ɗaukar nauyin mutum ba.

Ku tambayi nauyinsa. Na akirilik ba shi da nauyi sosai, yana da ɗumi a jiki, amma yana saurin karcewa. Na zubin ƙarfe mai rufi irin na kwanon langa ya fi ƙarko, sai dai shi kaɗai yakan haura kilo 100. Ku haɗa da kilo 200 na ruwa da nauyin mai wanka, kun tasar wa kilo 400, kwatankwacin buhun siminti takwas a ɗan ƙaramin fili. Idan a bene ne, injiniya ya kamata ya amsa wannan tambaya, ba mai shago ba. Idan kuma mai tsayawa shi kaɗai kuka ɗauka, ku bar tazarar da hannu da tsumma za su zagaya, in ba haka ba bayansa zai zama matattarar danshi da funfuna, abin da mai asma ba ya so.

Ƙofar banɗaki ta riƙa buɗewa ta waje, da makullin da za a iya buɗewa daga waje, domin wanda ya faɗi sau da yawa jikin ƙofa yake faɗuwa ya tokare ta. Zafin ruwa ya tsaya a digiri 37 zuwa 38, kusa da ɗumin jiki, a fara zuba na sanyi kafin na zafi, a gwada da gwiwar hannu. Ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙu, ta yaro da ta tsoho ma ta fi saurin ƙonewa. In an gama, a zare toshiya ruwan ya tsiyaye, a zauna kaɗan, sannan a miƙe a hankali. Kada a bar yaro a ciki ko da na ɗauko tawul ne, kuma kada a bar wa yayarsa 'yar shekara shida amanarsa. Hitar da ake tsomawa cikin ruwa da waya mai caji ba su da gurbi kusa da baho.

Abu na ƙarshe, tunda gyara ake yi: ɗan akwatin nan mai madubi da ake maƙalawa a bango kada ya zama ma'ajiyar magani. Ku duba kwalin maganinku, yawanci an rubuta a ajiye a busasshen wuri da zafinsa bai wuce digiri 30 ba. Tururi yana lalata ƙwayoyi, yana ɓata tsinken gwajin suga har na'ura ta ba da sakamakon ƙarya. Ku nema musu wuri a ɗaki, sama da inda hannun yaro zai kai.

Yayana bai fasa sayen bahonsa ba, amma ba a sashen Hajiya ya sa shi ba. Ita an yi mata shimfiɗaɗɗen wurin wanka, da dakalin zama, da ƙarfe biyu a bango, kuma kuɗin bai kai rabin na bahon ba. Har yau da kanta take shiga wanka ba ta kiran kowa, wanda a wurinta ya fi kowane ado daraja.

Kafin ku kira mai aikin famfo, ku tattara magungunan da ake sha a gidanku, ku kai wa likita ko mai harhaɗa magunguna mafi kusa da ku, ku tambaye shi waɗanne ne ke sa jiri ko barci. Tambaya ce ta minti biyar. Allah ya ƙara mana lafiya, ya tsare mana iyayenmu da 'ya'yanmu.