Me Matasa Ke Nema A Tsofaffin Fina-finan Indiya?

Fim ɗin Sholay ya fito ne a shekarar 1975, amma har gobe matasan Kano da Zariya na tura wa juna shi a wayoyi, suna kallo kamar jiya aka yi shi. Kowa ya san ƙarya ce. Mutum ɗaya ya karkashe 'yan fashi barkatai da bindiga guda, ana tsakiyar tashin hankali kuma sai a ɓarke da rawa da waƙa. Masu kallon su ma dariya suke yi. To me ya hana su gajiya?

Masu wa'azi da dama sun tsaya a kan rawar da cakuɗuwar maza da mata, kuma gaskiya suka faɗa, ɓarna ce, ita ce ma ta malalo cikin finafinan Hausa. Sai dai waƙar kanta ta shiga jinin jama'a, ta kai ga wasu masu bandiri a Kano, Ushaƙu Indiya, suna ɗaukar karin waƙoƙin suna ɗora begen Manzon Allah (S) a kai.

Amma babban abin da ke zaunar da talaka sa'o'i uku shi ne ganin azzalumi ya wulaƙanta. A Sholay, ɗan ta'adda Gabbar Singh yana karɓar hatsi daga ƙauyen Ramgarh da ƙarfin bindiga, ya sare hannayen tsohon ɗan sanda, ya kashe ɗan limamin garin, wani dattijo makaho. Wa zai ce wa manomin Zamfara wannan tatsuniya ce, alhali sai ya biya 'yan bindiga kafin ya girbe gonarsa? Ƙishirwar adalci ce ke damun raunana, sun rasa shi a kotu, sai suke leƙa shi a majigi.

Illar tana nan: fim ɗin yana koya wa mutane su naɗe hannu su jira jarumi, domin ɓarayi biyu aka yi haya suka ceci ƙauyen. Kuma ko wannan ɗan adalcin sai da mahukunta suka sa masa hannu. A asalin fim ɗin wanda aka zalunta ne ya kashe Gabbar, amma lokacin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi ne, sai hukumar tace finafinai ta tilasta aka sake ƙarshen, 'yan sandan da ba su tsinana wa ƙauyen komai ba suka iso a makare suka tafi da shi.